Sakan 6 ɗin da suka cinye min sati 3

Ni ce auta a gidanmu, kuma kowa ya san auta ba a barinta ta je ko nan da can. Lokacin da na samu makaranta a wani gari Umma sai da ta yi kwana biyu bata ci abincin kirki ba, ranar tafiya kuma ta cika min jaka da yaji da ƙuli da dambun nama kamar garin da zan je ba kasuwa. Haushin abun nan ne ya sa nace sai na yi katun a kai.

Dama na taɓa kallon Bao, gajeren fim ɗin kamfanin katun na Pixar na 2018 da Domee Shi ta shirya, bai wuce minti 8 ba kuma ba magana a ciki amma ya ci Oscar a 2019. Wata uwa ce 'yar China a Toronto, curin fulawar da ta murza ya zama yaro, da ya girma zai bar gida kawai ta cafke shi ta haɗiye. Nace ashe ba a gidanmu kaɗai ake yi ba. To ni dai laftof ce dani mai batirin da baya kai awa ɗaya, sai manhajar zane ta Krita da na sauke kyauta, sai ɗan allon zane na gwanjo da yayana ya siyo min.

Labarin nawa uwa ce da goyo. Yaro na girma a bayanta, ƙafa har ta fara jan ƙasa, gemu ya fito, ita kuwa sai ƙara tamke majanyi take. Minti 3 na tsara, wai ɗan kaɗan. Sai da na zauna lissafi jikina ya yi sanyi, fim hoto 24 yake ci duk sakan ɗaya, ko ka yi dabarar da masu katun suke yi ta barin kowane zane ya tsaya sau biyu zane 12 kenan, minti 3 ya kama 2160. Abun da ya cece ni tafiya ce, zane 8 na yi na takunta ina ta maimaitawa bango kawai nake canzawa.

Wautar farko, na sa mata atamfa mai fulawoyi dan ta yi kyau. Wallahi duk zane sai na sake fulawoyin nan, in ka kunna kuma sai ka ga suna rawa a jikinta kamar tururuwa, bayan sati biyu na goge na bata zani shuɗi ba ado. Ta biyu kuma na fara tsantsara zane tun daga farkon labari ban fara jera shi da zanen gaggawa na ɗora sauti na ga tsawonsa ba, sai daga baya na gane wajen sakan 40 basu da amfani, na yanke su ina kamar in yi kuka. Sautin ma da waya na ɗauka cikin dare, ƙarar turmi da takun silifas, na gyara a manhajar gyaran sauti ta Audacity. Maganar ɗauke wuta ban adana aiki ba kuwa a barta kawai.

Inda na maƙale shi ne sauke goyon. Da farko na tsara yaron ne zai sa almakashi ya datse majanyin ya gudu, dan a lokacin haka nake ji a raina. Sai naga ya yi tsauri, nace bari ita ta kwance da kanta, na zana, ya fito kamar an yar da buhun masara. Na sake, haka. Ƙarshe na roƙi matar yayana nace Anti dan Allah sauke goyonki in ɗauka a bidiyo, tana ta min dariya, na zo na rage gudun bidiyon ina kallo. Ashe kafin ta taɓa ƙullin ma sai ta duƙa, hannu ɗaya ya zagaya baya ya tallafo mazaunan yaron, sannan ta sassauta, ta zamo da shi ta gefen ƙugu, ta dire shi, kuma hannun nan bai bar bayansa ba har sai da ya tsaya da ƙafarsa. Ita bata ma san tana yi ba. Sau nawa na ga ana sauke goyo a rayuwata, ban taɓa lura da hannun nan ba.

Zane 72 ne, sakan 6, sati 3 na yi a kansu. Yatsun kaɗai sun ci kwana huɗu dan in suka bar bayansa da wuri sai ta zama kamar ta gaji da shi, in suka daɗe kuma ta koma mai riƙo.

Da na zo hutu na kunna wa Umma a waya. Ta kalla shiru har ya ƙare, ta ce in maido baya. Sai cewa ta yi, "Auta wa ya ce miki ana yi wa majanyi ƙulli biyu? In yaro ya ƙware ta yaya za ki kwance da sauri?" Nace zan gyara Umma. Ta ce in tura mata a WhatsApp, sannan ta tambaye ni ranar komawa dan tana so ta sa a daka yaji.