Jitar da na sassaƙa a zauren gidanmu

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa ranar da na gane aikin wata huɗu ya tashi a banza. Na sauko da jitar daga ƙusar da nake rataye ta a zaure, na zura hannun hagu a wuyanta kamar yadda na saba, sai na ji wani abu ya yanke ni a gefen manuniya. Bakin ƙarafan nan ne da ake jerawa a wuyan jita, waɗanda makaɗa ke ce wa firet. Duk sun leƙo waje kamar haƙoran zarto. Na ɗaga ta saitin idona na hango ta daga kai zuwa gindi, sai ga wuyan ya lanƙwashe kamar baka, har ya ɗan murɗe zuwa dama. Tsirkiyoyin sun yi sama, ɗan yatsa zai shige ƙarƙashinsu. Na zauna a kan benci na daɗe ban ce komai ba.

Sana'ata gyaran wayar salula ce, a nan Kano. Son jita ya shige ni ne ta hanyar wani abokin aiki ɗan Nijar, wanda kullum rumfarsa ke tashi da kiɗan bukukuwan Agadas. Shi ya fara ba ni labarin Mdou Moctar, makaɗin jita mutumin yankin Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da kansa yana yaro, ya yi tsirkiya da wayar birkin keke. Da na je Sabon Gari na ji kuɗin jitar lantarki mai kyau, na dawo gida ina tunanin cewa ni ma ai ina da hannu, kuma dalma da waya su ne abincina. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne sanin cewa Leo Fender, wanda jitocinsa suka cika duniya, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kaliforniya, kuma shi kansa ba makaɗin jita ba ne. Tsarin da ya fito da shi a 1950 mai sauƙi ne ƙwarai: falle ɗaya na katako a matsayin gangar jiki, sai wuya daban da ake ɗaurewa da sukuru huɗu. Wannan tsarin na bi.

Na samu wata matacciyar jita da ta fashe, na cire makullan ɗaure tsirkiya da jakin ƙarfe daga jikinta. Jaki nake cewa, kamar yadda masu goge da garaya ke kiran abin da tsirkiya ke hawa. Wayar firet da maganaɗisu kuwa saƙo na bayar aka kawo min daga Legas. Katako na sayo a kasuwar 'yan katako cikin watan Agusta, madaci ja mai kyawun gani, ana tsakiyar damina.

Duk hankalina a lokacin yana kan gangar jiki, domin ita ido ke gani. Na zana siffar a kwali, na yanke da zarto, na bi da magagari da samfefa, kaurinta milimita 45. Na haƙa ramin wuya da na kayan wuta da injin huda, na gyara gefen da cizal. Na kwana uku ina shafa fenti ina gogewa. Wuya kuwa a rana biyu na gama shi, ban sa masa sandar ƙarfe a ciki ba, don na ga madacin yana da tauri.

Washegarin ranar da firet ya yanke ni a yatsa, na naɗe wuyan a buhu na kai wa wani tsohon kafinta da ke bayan masallacin unguwarmu, abokin marigayi mahaifina. Ya karɓa ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa yana kara kunne, ya jinjina nauyinsa a tafin hannu.

"Yaushe ka sayi wannan?"

"Da damina, Baba."

"Ɗana, ai ɗanye ka sassaƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuma ka ɗaura masa waya shida suna ja dare da rana. Me kake so ya yi?"

Gaskiyarsa ce. Tsirkiyoyi shida na jitar lantarki, masu matsakaicin kauri, jan da suke yi wa wuya ya haura kilo 40. Ga kuma ruwan da ke cikin katakon: da iskar hunturu ta tsotse shi, faɗin wuyan ya ragu, ƙarfe kuma ba ya raguwa, shi ya sa bakin firet ya fito. Daga baya na karanta cewa jitocin Fender na farkon 1950 ma ba su da sandar ƙarfe a wuya, sai da suka fara lanƙwashewa aka koma ana sa musu. To can ke nan. Mu da muke tashi daga laimar Agusta mu faɗa bushewar Janairu, katakonmu ya fi shan wahala.

Baba ya shiga ƙuryar shagonsa ya jawo wani dogon katako baƙi ƙirin saboda ƙura da tsufa. Gefen wani tsohon gado ne, madaci shi ma, ya ce ya girme ni. Ya haɗa min da wani guntun madobiya daga tsohuwar kujera, don allon da yatsu ke takawa. Ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce in dai na gama in kawo ya gani. Madobiya yanzu ta yi wuyar samu, an sare ta ba ji ba gani ana fitarwa ƙasar Sin, har ta kai tun 2017 an sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu. Duk lokacin da na ga ana faskara tsohuwar kujera don hura wuta, raina yakan sosu.

Dabara biyu ya koya min a tsaye. Ta farko, kowane katako ka samu, ka auna nauyinsa a sikeli ka rubuta a jikinsa da fensir, ka jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka riƙa aunawa duk mako. Muddin nauyin yana raguwa, bai shirya ba. Ta biyu, kada a yi wuya da falle ɗaya. A tsaga shi gida uku a tsaye, a juya na tsakiya kai ya koma gindi, a haɗa da gam. In ɗaya yana son karkata nan, ɗan'uwansa zai riƙe shi. Ba ni da ƙarafan matse katako, sai na yanyanka tsohon tib na babur na naɗe shi tamau, na bar shi kwana biyu.

Sandar ƙarfen wani makanike ya yi min, mai kaurin milimita 5, ya fitar mata da zare a kai ɗaya don noti ya hau. Hanyar da take kwanciya a cikin wuya ba miƙaƙƙiya ba ce, ta fi zurfi a tsakiya. In ka ɗaure notin, sandar tana ƙoƙarin miƙewa, sai ta tura wuyan baya, ta yi jayayya da tsirkiyoyi. Na yi kwana huɗu a kan wannan rami kaɗai, ina haƙa kaɗan ina gwadawa.

Sai awon firet, inda na gano laifina na biyu. A wuyan farko da tef ɗin tela na yi awo, kuma daga wannan firet nake auna na gaba. Kuskuren rabin milimita nan, rabi can, kafin in kai na 12 ya taru ya kusa milimita 2. Shi ya sa tun kafin ta lanƙwashe, in na kama sauti a sama sai in ji yana tsami a kunne, na yi ta zargin tsirkiya. Lissafin kansa ba shi da wuya. Tsawon tsirkiya daga matashi, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan wuya, zuwa jaki milimita 648 ne a tsarin Fender. Ka raba da 17.817, ka samu 36.4, nan ne firet na farko. Ka cire wannan daga 648, abin da ya rage ka sake rabawa da 17.817, haka har ka kai na 21. Na biyu zai faɗa a 70.7, na 12 kuma dole ya zauna a 324, rabin tsawon cif. A wannan karon na tara lissafin duka a takarda, na sayi rular ƙarfe, kowane layi daga matashi na auno shi, na tsaga da bakin reza maimakon fensir. Tsagar da firet ke shiga ba ta wuce milimita 0.6 ba, don haka na ɗauki ruwan zarton ƙarfe na goge gefen haƙoransa a dutsen wasa wuƙa har ya sirance. Matashin kuma ƙashin ƙafar saniya ne da na karɓo wurin mahauci, na dafa shi na busar.

A hunturu na buga firet ɗin, da gangan. Katakon da ya gama tsukewa ba abin da zai ƙara yi sai kumbura kaɗan da damina, wannan kuwa ba ya yankan hannu.

Aikin da na fi jin daɗinsa shi ne naɗa maɗaukin sauti. Jitar lantarki ba makirfo ke cikinta ba. Maganaɗisu shida ne a jere, ɗaya ƙarƙashin kowace tsirkiya, an naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansu, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta kambama ta. Wayar mai lamba 42 ce, siririya kamar gashi, kuma ana son zagaye wajen 8,000. Na roƙi Umma aron kekenta na ɗinki. Ta dube ni ta ce, "Kai dai da wannan kiɗan naka. Kada ka ɓata min shi, kuma kada in ji ƙara lokacin salla." Na ce, "In sha Allahu, Umma." Na manna maganaɗisun a jikin wilin keken. Don ƙirga, na buɗe tsohon kalkuleta na jona waya biyu a maɓallin da ke ba da amsa, na kai su ga wani ɗan makunni da ke rufewa in maganaɗisu ya gifta shi. Na danna 1+1, duk zagaye ɗaya lamba ta ƙaru.

Ƙafa tana taka keke, yatsu biyu suna riƙe da wayar a cikin ɗan ƙyalle, kana kai ta hagu kana dawo da ita dama. Ba ka ganinta sosai sai in haske ya bugi jikinta, jin ta kake yi kawai tana wucewa da ɗan ɗumi. A zagaye na 5,000 da 'yan kai ƙanena ya turo ƙofar zaure, na waiga, ta tsinke. Na warware duka na sake daga farko bayan sallar isha, gida ya yi tsit. Da na gama na ɗora mita, ta nuna kusan kilo-om 6, daidai yadda ake so. Na narka kyandir kashi huɗu da kakin zuma kashi ɗaya a gwangwani, gwangwanin kuma a cikin tukunyar ruwan zafi, domin kaki yana kamawa da wuta in an ɗora shi kai tsaye. Na tsoma naɗin a ciki har kumfa ta daina fitowa. In ba a yi haka ba, wayar tana motsi a ciki, jita ta yi ta kuwwa.

Haɗa makunnin ƙara da na murya bai ɗauke ni awa ɗaya ba, aikina ne. Amma da na jona, sai gunji ya cika zauren, irin na wutar gida mai bugawa sau 50 a daƙiƙa. Na shimfiɗe ramin kayan wutar da takardar alminiyam, na kuma ga ashe ban ja wayar ƙasa zuwa jaki ba. Da na ja ta, ina ɗora hannu a tsirkiya gunjin ya kwanta. Wannan wayar ce kuma ta sa nake jan kunnen duk mai son gwadawa: hannunka yana haɗe da amfilifaya kai tsaye, yawancin gidajenmu kuma soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa. Amfilifaya mai matsala tana iya jan mutum. Ni ƙarama mai batir nake amfani da ita.

Saiti ya ci mako guda. Na ɗaure notin wuya kaɗan-kaɗan har ya rage ɗan lanƙwasa da katin waya ba zai shige ba sai takarda mai kauri. Tsayin tsirkiya a firet na 12 na bar shi wajen milimita 2 a kauraran, ƙasa da haka kaɗan a sirara. Na ja jakin kowace tsirkiya baya har sautinta a firet na 12 ya yi daidai da sautinta a sake. Gangar jikin ta farko na mayar, ko ita ta ɗan tsage a baya na cike da gam da garin katako.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai wa Baba. Bai nemi in kaɗa ba. Ya ɗaga ta saitin idonsa ya hango wuyan, ya shafa gefen da babban yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu. Sannan ya ce, "To, yanzu buga in ji." Na buga ɗan abin da na iya, yaran shagon suka ajiye guduma suka matso. Ya ce, "Allah ya yi albarka. Da damina ka dawo da ita mu gani."

Damina ta zo ta wuce, wuyan ya motsa kaɗan, na juya notin kwata ɗaya ya koma. Ƙanena ya ce shi ma yana so, kuma bahago ne, don haka komai sai an juya. Katakonsa yana saman rumfar tsakar gida tun bara, ƙofar wani tsohon shago ce da aka rushe. Ranar Asabar na sauko da shi na ɗora a sikeli, ya ragu da giram 20 a kan na makon jiya. Na rubuta a jikinsa na mayar.