Buhu goma sha ɗaya a bayan kicin

Haushi ne ya sa na fara shuka ganye a gida, ba wani dogon tunani ba. Wata Asabar na aiki babban ɗana ya sayo mini alayyafo zan yi miyar taushe, ya dawo da wani ɗan ɗauri da bai fi kaurin yatsu uku ba, rabinsa ya yi yaushi, canji kuma babu. Na tsaya ina jujjuya shi a hannu, na tuna a ƙauyenmu alayyafo ko a kan juji fitowa yake da damina, ba wanda ya shuka shi.

Gidanmu na haya ne a Hotoro, tsakar gidan kuma siminti ne tun daga zaure har bayan kicin. Sai na tara buhunan shinkafa da na siminti guda goma sha ɗaya, na nannaɗe bakinsu, na huhhuda gindin da ƙusa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, na cika su da ƙasa da taki.

Nan na fara kwafsawa. Da yake idona ya saba da hotunan lambun mutane a Facebook, latas da kabeji na fara shukawa, a watan Maris kuwa, ana shiga bazara. Wanda ya san Kano ya san zafin Afrilu yakan kai digiri 40. Latas ɗin bai yi ganyen kirki ba sai ya miƙe sama ya yi fure, ɗan ganyen da ya yi kuma ɗaci kamar maɗaci. Kabejin tsutsa ce ta ci rabonta. Buhu biyu kuma ni na kashe su da hannuna, don ɗanyen kashin kaji na zuba, ya ƙone saiwar.

Surukata ce ta zo ta tarar da ni tsugune a gabansu. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, wa ya ce miki ana shuka salak da bazara? Ai kayan sanyi ne. Bari sai hunturu."

Na ce, "Wallahi Inna ban sani ba, gani na yi ana yi."

Zuwanta na gaba ta kwance haɓar zaninta ta ciro ƙulli huɗu: irin alayyafo, rama, yakuwa da lalo. Ta ce in bar taki ya ruɓe tukuna, na awaki ya fi sauƙin sha'ani. Irin alayyafo kuma, tunda ƙanana ne ƙwarai, in gauraya shi da yashi kafin in watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe ya shaƙe kansa.

Cikin kwana biyar buhun ya yi kore shar. Da ya kai wata guda na fara yanka. Abin da ban sani ba a da shi ne ba sai an tuge shi ba. In ka yanke saman ka bar kamar taƙi ɗaya, sai ya yi rassa ya sake tohowa. Buhu uku na alayyafo sun riƙe mana miya da dafa-duka har tsakiyar damina.

Zogale kuwa ba ya son buhu, saiwarsa zurfi take nema. Maigida ya nemi izinin mai gidan, aka fasa simintin a lungu ɗaya muka dasa reshe. In ka ƙyale shi sai ya tafi sama kamar sandar tuta, ganyen ya fi ƙarfin hannunka, don haka da ya kai kafaɗata nake sare kansa. Ranar da na fara yin haka yara har kuka suka yi wai na kashe bishiya. Bayan sati uku ta yi reshe shida.

Ni dai a wurina kwaɗo shi ne ribar wannan wahala. Nakan tsinko zogalen da safe, in zauna a tabarma in zage shi daga tsinkensa, aikin da ba wanda ke so, in wanke in dafa har ɗacin ya ragu. In ya huce in matse shi tamau a tafin hannu, dunƙule-dunƙule, don ruwa ne ke lalata kwaɗo. Ƙuli-ƙulin a turmi nake daka shi da barkono da ɗan gishiri, ba na son ya yi laushi kamar gari, a bar shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa. Sai albasa da tumatir, a yaryaɗa man gyaɗa, a cakuɗa da hannu. Cokali ba ya haɗa kwaɗo, kowa ya ce miki yana yi ki gyaɗa kai kawai. Rama ma haka nake mata, sai dai ita tsami gare ta, dole a zubar da ruwan farko.

Yakuwa a fate take da daɗi, na tsakin masara, a haɗa ta da alayyafo ya rage mata kaifi. In miya ce, 'yar kanwa kaɗan ke kashe tsamin. Lalo ma kanwar ce ke fito masa da yauƙi, amma in hannu ya zarce sai miyar ta yi wari, na taɓa zubar da tukunya guda saboda haka.

Akwai wanda ban shuka ba ya zo da kansa. Cikin takin awakin ne gasaya ta fito a buhun rama, na kai hannu zan cire ta a matsayin ciyawa, Inna ta riƙe ni. Ta dafa ta da kanta, ta tsiyaye ruwan sau biyu saboda ɗaci, ta kwaɗa. Yaran ko kallo bai ishe su ba. Mu biyu muka cinye a kwano ɗaya, tana ba ni labarin yadda tafasa da gasaya suka riƙe gidaje a shekarar da hatsi ya yi wuya.

Ƙwari suna nan, ba su fasa ba. Toka nake barbaɗawa da sassafe kan raɓa, in abin ya yi yawa in jiƙa ganyen darbejiya ya kwana in yayyafa. Ban-ruwa kuma ruwan wankin shinkafa da na alwala nake tarawa a bokiti. Na wanki ba ya zuwa wurin.

Yanzu sanyi ya fara saukowa, na ware buhu biyu na sake gwada latas. Alayyafo ɗaya kuma na ƙyale shi ya yi kai ya bushe a tsaye. Jiya na karkaɗe shi a faranti na busa ƙaiƙayin, na sami irin da ya kusa cika murfin kwalba. Na raba shi biyu, na ƙulle rabi a leda, don matar da ke maƙwabtaka da mu ta aiko tun makon jiya tana tambaya.