Na'urar CPAP da Motsa Jiki: Kowanne da Lokacinsa

Tun da na fara kwana da na'urar CPAP, mai tura iska ta takunkumin da ake ɗaurawa a fuska, wadda likita ya rubuta mini saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci, akwai tambayar da nake yawan ji daga bakin masu irin wannan larura, musamman waɗanda aka umarta su rage ƙiba: tunda na'urar tana sauƙaƙa numfashi da daddare, me zai hana mutum ya ɗaura takunkuminta lokacin da yake tuƙa keken motsa jiki ko yake kan injin gudu, domin haki ya ragu? Tambayar tana da dalili. Wanda ya daɗe yana tashi da ciwon kai da mutuwar jiki, yana gyangyaɗi a ofis da masallaci, sannan ya samu abin da ya wartsake shi, ba abin mamaki ba ne ya zaci na'urar za ta yi masa aiki a ko'ina. Ga kuma hotunan 'yan ƙwallon Turai da ake nunawa idan sabuwar ƙungiya tana duba lafiyarsu, suna gudu da takunkumi a fuska da tiyo maƙale da shi, alhali wancan takunkumin awo kawai yake yi na iskar da suke shaƙa da wadda suke fitarwa, ba ya tura musu komai.

Matsayina shi ne, wanda larurarsa ta tsaya ga ɗaukewar numfashi a barci ba shi da ribar da zai samu idan ya sa na'urar yana motsa jiki, kuma yana iya jawo wa kansa wahala. Dalilin yana cikin yadda cutar take. Hanyar iska daga bayan hanci zuwa maƙogwaro ba ta da ƙashin da ke riƙe ta, tsokokin harshe da na ganɗa da na bangon maƙoshi ne suke buɗe ta. Idan barci ya yi nauyi sai tsokokin su saki, harshe ya koma baya, hanyar ta matse, a ji minshari, wani lokaci ta rufe gaba ɗaya. Likitoci suna lissafa duk tsayawar numfashi ko raguwarsa da ta kai daƙiƙa 10, su ƙirga sau nawa take faruwa a awa guda: daga 5 zuwa 15 larura ce mai sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuma mai tsanani. Amma da zarar mutum ya farka, tsokokin sun koma bakin aikinsu, hanyar a buɗe take, ballantana a lokacin da yake gudu, lokacin da jiki da kansa yake ƙara buɗe ta.

Abin da likitan nan na Ostireliya, Colin Sullivan, ya gano a asibitin Royal Prince Alfred da ke birnin Sidni a 1980 shi ne, ana iya tokare wannan hanya da iska kamar yadda ake tokare rumfa da sanda don kada ta rufta. Ya haɗa na'urarsa ta farko da injin zuƙar ƙura da aka juya shi yana hurawa, ya buga sakamakon marasa lafiya biyar a mujallar likitanci ta Lancet a 1981, a zamanin da masu larura mai tsanani sai dai a huda musu maƙogwaro. Har yau aikin na'urar bai wuce wannan tokarin ba. Ba ta ƙara iskar oksijin, domin iskar ɗaki take zuƙa mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, ta tace ta, ta tura da matsi daidaitacce, wanda a yawancin na'urori yake tsakanin 4 da 20 a ma'aunin santimitar ruwa. Ba ta kuma yi wa mutum numfashi. Wanda ya ɗaura ta ido biyu, da huhu lafiyayye, ya tokare abin da yake tsaye da ƙafarsa ne.

Sai batun yawan iska, wanda a nan ne nake ganin masu wannan shawara ba su yi lissafi ba. Babban mutum a zaune yana shaƙar lita 6 zuwa 8 a minti, a barci ma ƙasa da haka, kuma a kan wannan numfashi mai natsuwa aka ƙera na'urar. Idan ya shiga gudu mai ƙarfi yana iya kai wa lita 100 a minti, ƙwararrun 'yan tsere har sukan haura 150. Duk wanda ya taɓa jan numfashi da ƙarfi a cikin takunkumin ya san abin da ke biyowa baya: injin ya ɗaga murya yana ƙoƙarin cimma mutum, robar ta lafe a fuska, sannan idan an zo fitar da numfashi a ji kamar ana turo shi baya. A kwance wannan turawar ba ta damun wanda ya saba, amma ga mai haki, wanda yake numfashi sau 40 a minti, ƙarin aiki ne aka ɗora wa ƙirjinsa. Da gumi ya karyo kuma takunkumin zai fara zamewa, iska ta riƙa tsiyaya tana hura idanu.

Akwai wani abu ƙarami da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan mutum ya kunna na'urar ya kai tafin hannunsa gaban takunkumin, zai ji iska tana fita ba tsayawa ta wasu 'yan ramuka ƙanana kamar na rariya. Tiyon guda ɗaya ne, babu hanyar fita daban, don haka ta waɗannan ramuka ne kaɗai gurɓatacciyar iskar kabon da jiki ya fitar take ficewa. Abin da suke iya fitarwa ya danganta da matsin da aka saita, daga wajen lita 20 a minti a mafi ƙarancin matsi zuwa wajen 50 a mafi girma, kuma takardun da ke zuwa da takunkumin da kansu suna gargaɗin cewa a ƙaramin matsi mutum yana iya sake shaƙar wani ɓangare na abin da ya fitar. Mai motsa jiki yana samar da iskar kabon ninkin-ba-ninkin ta mai barci. Sakamakon da za a sa rai shi ne ciwon kai da jiri da ƙarin haki, wato ainihin abin da ake gudu. Sannan na'urorin zamani suna adana bayanan da likita ke dubawa, kuma a lissafin awannin amfani ba sa bambanta mai barci da mai farke, saboda haka duk lokacin da aka yi a kan keke zai shiga lissafin awannin barci ya ɓata rahoton.

To daga ina maganar ta samo tushe? Tana da tushe na gaskiya, sai dai na wasu marasa lafiya ne daban. Masu cutar huhu ta COPD, wadda shan taba da daɗewa cikin hayaƙin itacen girki suke haddasawa, ƙananan hanyoyin iskar huhunsu sun matse, iska tana shiga amma fitarta da wuya. Idan suka yi sauri, sabon numfashi yana shigowa kafin na baya ya gama fita, huhu ya cika ya kumbura, tsokokin numfashi su gaji tun kafin ƙafafu su gaji. A 1988 Denis O'Donnell da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa ɗan ƙaramin matsi na CPAP yana sa irin waɗannan marasa lafiya su ƙara jimiri a kan keken gwaji. Daga baya aka fi karkata ga na'urori masu matsi biyu, irin su BiPAP, masu ƙara ƙarfi lokacin shaƙa su sassauta lokacin fitarwa. Ko a nan ma, nazarin da cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara a 2014 ya samu cewa akwai alamar amfani, amma gwaje-gwajen ƙanana ne kuma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Kuma ana yin wannan ne a ɗakin farfaɗo da masu ciwon huhu, da ma'aikaci tsaye a gefe, da ma'aunin oksijin maƙale a yatsa, ana saita matsin musamman domin aikin. Lambar da aka saita wa mutum don barcinsa ba ita ba ce.

Don haka idan mai amfani da CPAP ya ga haki yana kama shi fiye da kima a kan 'yar tafiya ko hawan bene, abin da ya kamace shi shi ne a duba zuciyarsa da huhunsa da yawan jininsa. Ɗaukewar numfashi a barci tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini da rikicewar bugun zuciya da ciwon suga, kuma rufe alamar da takunkumi jinkirta gano ciwon ne kawai. Lokaci ɗaya da na san ana ba da shawarar ɗaura na'urar ido biyu shi ne ga sabon shiga, yana zaune yana kallo ko karatu, domin fuskarsa ta saba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, motsa jiki da kansa magani ne ga larurar, ba tare da takunkumi ba. Dogon binciken barci na jihar Wisconsin ta Amurka, wanda Paul Peppard da abokansa suka buga a 2000, ya nuna cewa ƙarin nauyi na kashi 10 cikin ɗari yana tafiya da ƙaruwar tsayawar numfashi da kusan kashi 32, raguwar nauyi da kashi 10 kuma da raguwarta da kusan kashi 26. Har ma wanda bai rame ba yana samun sauƙi, domin a gwajin da Christopher Kline ya jagoranta a 2011, mutanen da suka yi mako 12 suna motsa jiki na minti 150 a mako, haɗe da ɗaga nauyi, larurarsu ta ragu alhali nauyinsu kusan bai canza ba. Ɗaya daga cikin bayanan da masana a birnin Toronto suka kawo shi ne, ruwa yana taruwa a ƙafafun wanda ya yini a zaune, idan ya kwanta sai ruwan ya gangaro wuya ya ƙara matse hanyar iska. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga direban doguwar tafiya ko ɗan kasuwar da ke zaune a shago tun safe har magariba, idon sawunsa a kumbure. Ƙiyasin da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da larurar a duniya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawansu, ga shi wuraren gwajin barci a ƙasar ba su da yawa.

Na'urar kuwa ba ta rage ƙiba. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2015 ma ya samu cewa masu amfani da ita sukan ɗan ƙara nauyi. Gudummawarta ga motsa jiki ita ce, wanda ya yi barci mai kyau yana iya fita tattaki bayan sallar asuba, abin da a da ya gagare shi. Saboda haka na fi ganin a kashe ƙoƙari wajen tabbatar da cewa ta yi aiki dare ɗungurungum: a tanadi batir ko inbata saboda ɗaukewar wuta, a riƙa duba matatar iskarta a lokacin hunturu domin ƙura tana toshe ta da wuri, a wanke takunkumin. Idan kuma nauyi ya sauka sosai, mutum ya fara jin iskar ta yi masa yawa ko cikinsa yana kumbura da safe, kada ya rage matsin da hannunsa ko ya jingine na'urar, ya koma wurin likitansa a sake gwajin a saita masa sabuwar lamba.