Yaɓen gindin bango ya kama, amma sai da muka rage masa ƙarfi

'Yan uwa masu koyon adana gine-ginen ƙasa, yau dai da labari. Yaɓen da muka yi wa gindin bangon da aka ba rukuninmu a kufai ya bushe, ya kama, ko tsaga ɗaya babu. Na bi shi da bayan yatsa ina ƙwanƙwasawa daga kusurwa zuwa kusurwa, ban ji inda ya yi ƙarar kogo ba. Wallahi har hoto na ɗauka da shi.

Ga ciwon da bangon ke fama da shi. Ƙasan bangon ya zaizaye har tsayin gwiwa, ramin na haɗiye tafin hannu. Duk yaɓen da muka sa sai ya yi kyau na ɗan lokaci, can sai farin gari ya fito masa, ya kumbura, ya ɓanɓaro falle guda. Muka ɗora wa haɗi laifi. Gwajin kwalba mun yi, wato kaɗa ƙasa da ruwa a kwalba a ga yawan yashi da yumɓun da ke cikinta, mun cika akwatin nan mai tsawon santimita 60 da laka don ganin yadda za ta tsuke. Ta tsuke sosai kuwa, yumɓun wurin irin mai kumburi ne in ya sha ruwa. Muka ƙara yashi da ƙaiƙayi, muka bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa. Tsagewa ta tsaya cak. Faɗuwa kuma kamar ma zuga ta aka yi.

A nan ne rai ya fara ɓaci. A takarda an tsara mana rubuta bayanan bango, gano cuta, sannan gyara, amma a fili duk sun cakuɗe, muna yaɓe muna komawa zana taswirar lalacewa.

Gishiri ne ya tona asirin. Muka kankaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga tsayi daban-daban, muka jiƙa a tataccen ruwa, muka tsoma takardun gwajin gishiri. (Takardun nan daga aljihuna suka fito, kuma na ji a jikina, ga shi kowacce sau ɗaya take aiki.) Gishirin bai taru a can ƙasa ba, ya taru ne daidai layin da danshi yake ƙarewa, inda ruwa ke bin iska ya bar shi a baya. Yana daskarewa a cikin ƙofofin ƙasar, ya buɗe su, ya turo yaɓe waje. Wannan cutar ce take cin Chan Chan a Peru, tsohon birnin da aka gina da ƙasa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ke cikin haɗari tun 1986.

To me ya sa duk danshin ta gefenmu yake fitowa? Da muka zagaya baya muka share ƙasar da ta taru, sai ga siminti, wasu masu gyara na da sun lafta wa gindin. Ruwa ya hau daga ƙasa, ya tarar an toshe masa ƙofa ɗaya, ya juyo ta ɗayar da kayansa gaba ɗaya. Cire simintin nan shi ne aiki mafi ban haushi da na taɓa yi. Da ƙaramin kurfi ake bi, a hankali, don in ka yi garaje sai ya taho da fuskar tubalin asali, ita kuwa ba a mayar da ita.

Na so a haƙa magudana a jikin bangon, masu binciken kufai suka ce ko kusa, ƙarƙashin ƙafarmu akwai daɓen da ba a tona ba. Sai muka shimfiɗa yadin kariya, muka zuba ƙasa a kai, muka yi mata gangare ruwa ya riƙa gudu nesa da bango.

Bayan bangon ya sha iska muka cike ramin da ƙananan tubala, muka yayyafa ruwa, muka yi yaɓe siriri-siriri, kowane sai ya bushe kafin na gaba. Abin da ya fi yi mini wuyar haɗiya shi ne haɗin da malamarmu ta zaɓa: wanda ya fi kowanne rauni a allunan gwajinmu, farce ma na kankare shi. Hujjarta ita ce yaɓen ya fi bango taushi, gishirin da ya rage ya ci shi a maimakon tubali, in ya gaji a sake wani. Masallacin Djenné a Mali ma ai duk shekara ake sabunta masa yaɓe. Na yarda, amma har yanzu hannuna na ƙaiƙayin ƙara yumɓu.

Saura saman bangon, wanda ruwan sama ke zauna masa. Waɗanda suka taɓa yi wa bangon kufai hula da sabon tubali, me kuka sa a tsakani don na baya su gane inda tsohon gini ya tsaya?