Birkin da ke laushi idan mota ta ɗauki zafi

A watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, na tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yauri domin duba wata gwaggona da ba ta jin daɗi. Motata tsohuwar Corolla ce, kuma da na tayar da ita da safe birkinta yana da ƙarfi kamar kullum. Na wuce Kalgo, na wuce Jega, ban ji komai ba. Sai da na kusa shiga Koko wani garken shanu ya ratsa titi, na taka birki, na ji ƙafata tana nutsewa kamar na taka jiƙaƙƙen soso. Na ɗaga ƙafa na sake takawa sau biyu da sauri kafin motar ta tsaya, saniyar ƙarshe tana kallona ta gilashi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, washegari a Yauri birkin ya dawo garau. Bakaniken da na kai wa ya ce iska ce ta shiga, ya cire ta, ya ƙara mai, na biya shi. A hanyar dawowa, dab da Jega, fedar ta sake nutsewa.

Ba na ganin laifinsa sosai, domin iska ita ce abin da kowa ke fara zargi, kuma sau da yawa ita ɗin ce. Idan iska ta shiga bututun birki, fedar takan yi laushi, ta yi tauri idan an famfa ta. Idan masta ce, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, ta lalace daga ciki, za a ga fedar tana sauka a hankali alhali an danne ta an riƙe. Idan kuma yoyo ne, man da ke cikin ɗan tankin zai ragu, a ga danshi a bayan taya. Sai dai duk waɗannan suna nuna kansu ko da mota ta kwana a ajiye, ni kuwa tawa ba ta nuna komai sai ta yi tafiya mai nisa.

Wani dattijon bakanike a Birnin Kebbi ne ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ciwon ba a duba shi a tsaye. Ba ni makulli." Muka je Kalgo muka dawo, yana tuƙi yana taka birki jifa-jifa. Da muka tsaya bai buɗe bonet ba. Ya zagaya motar yana kai bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa ba tare da ya taɓa ba. Uku ɗumi kawai suka yi. Da ya zo ta gaba ta hannun dama sai ya janye hannu, ya sa yaronsa ya yayyafa ɗan ruwa a kan ƙarfen, ruwan ya yi cuu ya tashi, ga kuma ƙaurin fatar birki yana bugun hanci.

Da aka ɗaga motar, tayar ba ta juyawa da hannu sai da ƙyar. Robar da ke rufe ɗaya daga cikin ƙusoshin da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fatar birki a jikin faifan taya, ke zamewa a kansu ta yage, ƙura da tsatsa suka cika wurin, kalifar ta daina sakin faifai bayan an ɗaga ƙafa. Ke nan tun daga Birnin Kebbi har Koko wannan ƙafar tana tafiya da birki a kame, zafin kuma yana shiga cikin mai.

A nan ne laifina ya fito. Man da ya zubo a kwalba baƙi ne kamar shayin da ba madara, domin a shekara shida da na yi da motar ban taɓa canza shi ba, ƙari kawai nake yi daga wata buɗaɗɗiyar roba da ke yawo a but. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ma'aunin da aka gindaya masa yakan sauko zuwa 140; na DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Idan man ya tafasa sai tururi ya taru a bututu, shi kuma tururi yana matsuwa, ba kamar mai ba, don haka ƙarfin ƙafa yake ƙarewa a kansa bai kai ga taya ba. Da mota ta huce sai tururin ya koma ruwa, birki ya dawo kamar bai taɓa yin komai ba. Shi ya sa kamfanonin mota da dama ke cewa a canza man duk shekara 2. Masu zuba ruwan omo a tankin birki idan sun maƙale a hanya, ban san yadda suke samun barci ba.

Dattijon ya girgiza tayoyin gaba don ya tabbatar boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, bai saki ba, domin taya mai rawa takan ture fatar birki baya, feda ta yi nisa bayan an sha gargada. Ya tarar da su lafiya. Ya wanke ƙusoshin ya shafa musu giris, ya sa sabuwar roba, ya canza fatar birkin gaba duka biyu. Daga nan aka fasa sabuwar robar DOT 4 a gabana, aka fara daga ƙafar baya mafi nisa da masta, yaron yana ciki, shi yana ƙasa da sifana yana cewa, "Famfa. Riƙe. Saki," har man da ke fitowa ya koma fari tas.

Bai karɓi kuɗinsa ba sai da muka sake zuwa Kalgo muka dawo, ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙafar daman, ya bar shi a wurin.