Ƙirjin kaza a kan garwashi

Laraba, bayan yara sun kwanta.

Yau na dawo daga aiki a gajiye liƙis, rana ta kusa faɗuwa, yara kuma sun fara zarya a ƙofar kicin. Abin da ke firji ƙirjin kaza ne da na sauko da shi daga firiza tun daren jiya don ƙanƙarar ta narke a hankali. Ko mayafi ban ajiye ba na jawo kurfoti waje na zuba gawayi.

Da wuta na fara, don ita ce mai cin lokaci. Gawayi yakan ɗauki minti 15 zuwa 20 kafin ya ruru, baƙinsa ya tafi, farar toka ta lulluɓe shi. Da takarda da 'yan ƙirare na hura. Kananzir kam ba na yarda da shi, warinsa yakan bi nama har baki. Auta ya karɓi mafici ya duƙufa yana fifitawa, ni kuma na koma kan kazar.

Mutane da yawa suna cewa ƙirjin kaza ba ya daɗi a gashi, wai bushewa yake yi. Ni ina ganin ba a fahimci naman ba ne. Tsoka ce zalla, babu ƙashi, kitsen ma kaɗan ne, ga shi gefe ɗaya da kauri, ɗayan kuma siriri kamar harshe. In aka ɗora shi haka, kafin mai kaurin ya nuna siririn ya riga ya ƙandare. Shi ya sa nake sa kowane yanki a leda, in bubbuga shi da gindin ƙaramar tukunya har kaurinsa ya zo ɗaya, kimanin santimita 2. Aikin ba ya kai minti 5, amma shi ne rabin gashin.

Babbar 'yata tana tsaye tana kallo, ta ce, "Umma, ba za a wanke ba?" Na ce mata a'a. Ruwan famfo ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela da ke jikin ɗanyar kaza, sai dai ya fantsama su kan kwanuka da katakon yanka. Wuta ce maganinsu. Da tishu na tsane naman, domin jiƙaƙƙen nama turara yake yi a kan wuta, ba ya yin jan nan mai ƙamshi. Sai gishiri, dakakkiyar tafarnuwa, masoro, ɗan mai da matsin lemun tsami. Lemun ba ya son a bar shi ya daɗe, yakan sa saman naman ya yi laɓo-laɓo, don haka zaman jiran wutar ya ishe shi. Zuma ban sa ba, duk abin da ke da zaƙi saurin ƙonewa yake yi.

Da garwashi ya yi, na tura shi gefe ɗaya na bar ɗaya gefen da kaɗan, in wuta ta yi yawa a samu inda za a janye naman. Na goge wayar gashi, na shafa mata mai, na jera. Cuuu! Ƙamshin tafarnuwa ya tashi, maigida ya leƙo da cokali mai yatsu a hannu.

"Uwargida, kawo in juya miki."

"Ranka ya daɗe, a ɗan ba shi lokaci. In ya yi, da kansa zai saki wayar."

Haka kuwa aka yi. Wajen minti 5 na ɗaga gefe, ya taso salin-alin, da layukan waya a kwance a jikinsa. Sau ɗaya na juya. Ban danna ba, ban soka ba, don ruwan da ke fita yana ɗiga cikin wuta shi ne daɗin da ake nema. Da mai ya ɗiga wuta ta yi tsalle, na matsar da yanki biyu gefen da babu zafi sosai har ta lafa.

Wajen gane ko ya nuna ban dogara da ido ba, launi yakan yaudari mutum. Ina da ɗan ƙaramin ma'aunin zafi na nama, na cusa shi ta gefe har tsakiyar inda ya fi kauri. Digiri 74 a ma'aunin Salshiyos ake nema ga kaza. Yana kaiwa na sauke, a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya zauna a kai ba. Na rufe na bar shi minti 5 ruwan jikinsa ya zauna, duk da Auta yana ta "Umma, yunwa!" Da na yanka a karkace, ciki fari tas, da danshinsa, wuƙa tana wucewa ba gardama. Da ganyen salad da tumatir muka ci, shiru kake ji sai ƙarar cokula.

Bayan an gama, yaran suka ce a shigo da kurfoti falo tunda akwai sauran garwashi kuma an fara sanyi. Nan kam na ƙi. Gawayi yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, a rufaffen ɗaki kuma tana kisa. Na kashe garwashin da ruwa a waje, gawayin da ya rage zai yi wani gashin in ya bushe.

Yanki ɗaya ya rage, na sa shi a firji tun kafin mu tashi daga wurin. Babbar ta riga ta ce nata ne, a cikin burodi za ta tafi da shi makaranta gobe.