Daga Bronx zuwa Atlantic City, inda caca take da iyakar jiha

Ban daɗe da dawowa daga Amurka ba, barcina ma bai gama daidaita ba, amma gara in rubuta abin da na gani tun yana da zafinsa. Ɗan ƙanwata ne sanadin tafiyar. Matarsa ta haihu, mahaifiyarsa kuma ciwon ƙafa ya hana ta zaman jirgi, sai dangi suka ce Kawu ya je ya wakilci gida. A jihar New Jersey yake zaune, yana aikin kwamfuta a wani asibiti.

Jami'in da ya duba kayana a filin jirgi bai amsa gaisuwata ba, bai ma ɗago kai ba. Ya zazzage jakar da aka cika da yajin jego da kuka da daddawa, ya sunsuna, ya yamutsa fuska, ya tambaye ni abin da ya kawo ni kamar bai ji amsar da na ba shi da farko ba, sannan ya tura min kayan a warwatse ya kira na baya. Dattijo ne ni, da furfurata. A gida ko ɗan sandan kan hanya mai neman na goro zai ce maka sannu Baba kafin ya fara nasa. Na tattara kayana na fita.

Abin da ya sanyaya min rai tun a hanya shi ne gidan mai. A New Jersey doka ta hana direba ya zuba wa kansa mai, sai ma'aikaci ya zo ya zuba maka kana zaune, kamar dai a Zoo Road. Yaron ya ce a sauran jihohi kai za ka fito ka riƙe bututun da kanka. Nan na fara fahimtar cewa ƙasar nan kowace jiha da nata tsarin. Tufafi ma ba a ɗora musu harajin saye a New Jersey, shi ya sa na jibgi rigunan sanyi na jikoki a can. Abin da ban saba da shi ba har na taho shi ne kuɗin da ake ƙara wa mai kawo abinci, kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ka ci. Kyauta idan ta zama dole ai ta tashi daga kyauta.

Wata Lahadi bayan suna muka je Bronx, wani yanki na birnin New York, gaida Hausawan da suka zo mana barka, mutanen Kumasi da Yamai da Zariya, aka cika mu da waina da miyar taushe. Da za mu koma, wani abokin aikin yaron, Bature mai kimanin shekara hamsin da ke zaune a arewacin Manhattan, ya roƙi mu rage masa hanya zuwa Fort Lee, garin New Jersey da ke ɗaya bakin gadar George Washington. Mutum ne mai fara'a. Na tambaye shi ko 'yan'uwa zai ziyarta, ya ce a'a, karta zai je bugawa. Na ce a gidan wa? Ya ɗaga wayarsa.

Ya buɗe manhajar kartar muna ɓangaren New York, ta ce ba ta yarda ba, yana wajen jihar da aka ba ta izini. Muka hau gadar, kogin Hudson a ƙasanmu, ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai da muka sauka muka ɗan nutsa cikin gari sannan teburin ya bayyana, ga mutane a zazzaune da sunayen aro, ga kuɗi a gaban kowa. Ya ce haka yake yi duk Lahadi, don ranar ake manyan gasa: ya ƙetaro, ya zauna a shagon shayi da kwamfutarsa, dare ya yi ya koma. Kuɗin gadar kuwa ya haura dala 14, a hanyar shiga New York kawai ake karɓa. Na ce to me ya hana jiharku? Ya ce tun Janairun 2022 New York ta buɗe cacar wasanni ta waya, tana karɓar harajin kashi 51 cikin 100, amma kartar poka har yau 'yan majalisa suna kawo ƙudurin yana mutuwa.

Ni ban iya karta ba, kuma ba na sha'awar iyawa. Amma mutumin ya zauna da mu ya sha shayi kafin lokacin gasarsa, ni kuma na yi ta tambaya. Ya ce poka ta bambanta da injin caca: ba da kamfani kake karawa ba, da sauran 'yan wasa ne, kamfanin la'ada kawai yake cira daga kowane zubi. Haukar ta tashi ne a 2003, da wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbi ta intanet ya je Las Vegas ya cinye dala miliyan 2.5 a babbar gasar duniya. A 2006 majalisar tarayya ta yi dokar da ta hana bankuna tura kuɗi zuwa haramtattun shafukan caca. Wasu kamfanoni suka fice, wasu suka ci gaba daga ƙasashen waje, har ranar 15 ga Afrilun 2011 da gwamnati ta ƙwace shafukan PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker a yini guda. Ya ce shi ma kuɗinsa sun maƙale a ɗaya daga ciki, sai bayan shekaru ya gan su. Wannan ne hujjarsa, kuma ya faɗe ta da zuciya ɗaya: mutane za su buga ko an hana, to gara a buga inda hukuma ke duba littafin kamfani, inda kuɗin ɗan wasa ke ajiye daban da na masu kamfanin.

A ƙarshen 2011 ma'aikatar shari'a ta fitar da fassarar cewa tsohuwar dokar 1961 da ta hana caca ta wayar tarho tsakanin jihohi cacar wasanni kawai ta shafa. Ƙofa ta buɗe. Delaware ta yi dokarta a 2012, Nevada da New Jersey a Fabrairun 2013, a nan Gwamna Chris Christie ne ya sa hannu. Sai matsala ta fito: karta tana son jama'a, Delaware kuwa mutum wajen miliyan ɗaya ne, teburi ba ya cika. Shafin farko da ya buɗe da lasisi a Nevada, Ultimate Poker, bai kai shekara biyu ba ya rufe. Don haka Nevada da Delaware suka ƙulla yarjejeniya a 2014 ta haɗa 'yan wasansu, New Jersey ta shiga a 2017, Michigan a 2022, sai West Virginia, sai Pennsylvania a 2025. California mai yawan jama'a ta shafe shekaru ana kai ruwa rana tsakanin ƙabilun asalin Amurka masu gidajen caca da masu ɗakunan karta, ba a cim ma komai ba. Utah da Hawaii kuwa babu kowace irin caca da suka yarda da ita.

Ya ce min poka gwaninta ce, ba sa'a ba. Na ce masa a addinina an ambaci caca tare da giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, kuma gwanin da yake ci, kuɗin wanda bai iya ba yake ci. Bai ji haushi ba. Ya miƙo hannu muka yi musabaha, ya ɗauki kwamfutarsa ya koma lungu.

Da muka shiga mota yaron ya ce, "Kawu, ka ga dai yadda suke. Komai sai sun sa masa doka, ko da abin banza ne." Na ce ina son ganin Atlantic City da idona, tunda an ce dokar New Jersey ta tilasta na'urorin da ke ɗauke da wasan su zauna a can, domin nan kaɗai aka yarda a yi gidajen caca tun ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1976.

Garin ya ba ni tausayi. A bakin teku ga dogayen benaye masu walƙiya, ga doguwar hanyar katako da ake tura masu yawon buɗe ido a kujeru masu taya. Ka yi taku kaɗan zuwa baya sai filaye fayau, gidaje a rufe da katako, shagunan da ke sayen zinare da agogo daga hannun wanda aka cinye. Gidajen caca huɗu ne suka rufe a 2014 kaɗai, ciki har da Revel da aka kashe wa dala biliyan 2.4 aka buɗe a 2012. Tara ne suka rage. Wani mai gadi ya daka min tsawa don na tsaya a bakin wata ƙofa ina leƙe da babbar riga, ban tanka masa ba.

A wani ƙaramin masallaci muka yi azahar, kuma a nan na gamu da mutumin da ba zan manta da shi ba, wani dattijo ɗan asalin Bangladesh. Da ya ji daga Najeriya nake, ya rantse sai mun je gidansa. Matarsa ta kawo shinkafa da kifi da wake mai romo, yaji kamar na mutanen Ilori, ya yi ta ƙara min yana cewa ɗan'uwa ci, hanya da nisa. Ya yi shekaru yana raba karta a ɗaya daga benayen nan kafin ya tuba ya koma tuƙin tasi, da wannan aikin ya ilmantar da 'ya'yansa, kuma ya ce har yau yana istigfari. Maganarsa ce ta fi zauna min. Ya ce a da mai caca sai ya yi wanka, ya shiga mota, ya zo nan, mai raba karta yana ganin fuskarsa, wani lokaci ma ya ce masa tashi haka ka tafi gida. Yanzu mutum yana kwance kusa da matarsa yana zubar da kuɗin haya, ba wanda ya gani. Na yi ƙoƙarin ba jikarsa wani abu, ya riƙe hannuna ya ce baƙo ba ya biya.

Irin wannan magana Sheldon Adelson ya yi ta yi kafin rasuwarsa a 2021, shi da ya mallaki manyan gidajen caca a Las Vegas ya kuma zuba dukiya don majalisar tarayya ta hana ta intanet. Mutane sun ce kasuwarsa yake karewa, wataƙila haka ne, amma gaskiya ko daga bakin wa ta fito gaskiya ce. Abin da ya fi damuna shi ne gwamnatin jiha ta zama abokiyar tarayya. New Jersey ta fara da harajin kashi 15 cikin 100, a 2025 ta ɗaga shi zuwa kusan 20. Cacar intanet ta kawo wa kamfanoni sama da dala biliyan 2 a jihar a 2024, poka kuma ba ta kai kashi 2 cikin 100 na wannan ba, sauran duk injin caca ne da makamantansa. Wato da sunan kare 'yan karta ake buɗe ƙofa, abin da ke shigowa a bayansu ya ninka su. Gwamnatin da kasafinta ya dogara da asarar talakawanta, da wane baki za ta ce musu su daina? Allunan talla a kan babbar hanya manya-manya, lambar wayar neman taimako ga wanda caca ta kama tana can ƙasa da ƙananan haruffa.

Duk da haka ba zan ɓoye abin da ya burge ni ba. Sai ka cika shekara 21, sai an tantance ko kai wane ne, kana iya sa wa kanka iyakar abin da za ka zuba, kana iya sa sunanka a jerin waɗanda ba za a sake bari su buga ba. Kuma wayar ta san a wace jiha kake tsaye. Wannan na yi ta juyawa a raina, saboda a Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Hisbah a Kano tana rufe shagunan bet, Allah ya saka musu, amma ɗan sakandare yana zuba kuɗin makarantarsa a kan ƙwallon Turai daga wayar yayarsa, ba shago ba mai gadi. Idan kamfani zai iya toshe mutum a tsakiyar gada don New York ba ta yarda ba, zai iya toshe shi a Kwanar Dangora don Kano ba ta yarda ba. Majalisun jihohinmu su nemi wannan a rubuce, su haɗa da bankuna da kamfanonin tura kuɗi. Jihar da ta zaɓi halattawa kuma, aƙalla ta hana yara.

Daga nan muka bi ta Philadelphia, inda tallan caca ya cika jikin motocin haya, muka ci abinci a wurin wasu 'yan Senegal da tsada ba daɗi. A Delaware babu harajin saye ko kaɗan, nan na sayi waya biyu da agogon mahaifiyar yaron. Washington sanyi da ruwa, hoto kawai muka ɗauka muka juyo.

Jirgin dawowa ya yi jinkiri a Turai, jakata ɗaya ta biyo ni daga baya ta Abuja. Mai jego da jaririya suna lafiya, an sa mata sunan kakarta.